Kafin ka sayi fanka ta uku, ɗaga kai ka dubi rufin ɗakinka

A watan Maris na bara, wata ranar Laraba, na dawo daga makaranta wajen ƙarfe uku na tarar da Mma, mahaifiyata, zaune a bakin ƙofa ta jiƙa mayafi ta ɗora a ka. Jaririyarmu na kan cinyarta tana tsala kuka, wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi. A cikin ɗaki fanka biyu na ta gudu, ta sama da ta tsaye, kuma babu kowa a ciki. Na ce, "Mma, ga fanka a ɗaki, me ya fito da ku waje?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Shiga ka gani. Wannan ɗaki ne ko tanderun burodi?" Na shiga. Kyandir ɗin da muke ajiyewa a kan kabad saboda dumso ya yi laushi har ya sunkuya. Mma tana fama da hawan jini, kuma a makon nan sau biyu jiri yana ɗibarta.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne abin da zai zo wa kowa: in ƙara fanka, ko in ci bashi a ƙungiyarmu ta malamai in sayi na'urar sanyaya ɗaki, AC ɗin nan da kowa ke buri. Har na je Adum na tambayo farashi. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne, irin wanda nake ba yara a allo a darasin kimiyya. Da na gama shi sai na ga kuɗina ba kasuwar fanka ya kamata su tafi ba. Wurin kafinta ya kamata su tafi.

Ra'ayina ke nan, kuma shi nake so mu tattauna yau. A zangonninmu, daga Aboabo da Asawase nan Kumasi har Nima da Sabon Zango a Ankara, muna zuba kuɗi muna faɗa da zafi bayan ya riga ya shigo ɗaki, alhali hanyar da yake bi tana bisa kanmu a buɗe. Silin, da abin da ake sakawa tsakaninsa da kwano, ya kamata a ƙirga shi cikin ɗaki kamar yadda ake ƙirga ƙofa da taga. Mun mayar da shi kayan ado na falon masu hali, kuma wannan kuskuren muna biyansa duk wata a mita, muna biyansa kuma a jikin tsofaffi da jarirai.

Bari in fara da yadda abin yake faruwa. Kwanon rufi siririn ƙarfe ne, ba ya tare komai sai ruwa. Idan rana ta take, zafin kwanon kansa yakan wuce digiri 60, musamman wanda ya yi tsatsa ko aka yi masa fenti mai duhu. Wannan zafin yana saukowa kai tsaye, kamar yadda kake jin garwashi a fuska ko da ba ka taɓa shi ba. Yana sauka a kanka, a katifa, a bango, a siminti. Bulo da siminti su shanye shi, da daddare su riƙa amayar da shi. Shi ya sa ƙarfe goma sha ɗaya na dare waje ya yi sanyi, amma ɗaki na nan kamar an rufe tukunya.

Fanka kuwa ba ta sanyaya iska. Kaɗa ta kawai take yi don gumi ya bushe a jiki. Idan iskar ɗakin ta yi zafi da yawa, fanka zafin take watso maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar kada a dogara da fanka idan zafi ya wuce digiri 40, domin daga nan ƙara ɗumama jiki take yi.

Wani zai ce ai ɗakunanmu ba sa kaiwa haka. Suna kaiwa. A 2021 wasu masana daga jami'o'in Ghana da na Ingila sun wallafa sakamakon awon da suka yi a ɗakuna 47, a unguwanni 8 na masu ƙaramin ƙarfi a Ankara da Tamale. A Ankara sun sami ɗakin da ya kai digiri 45.9, a Tamale 43. Ku lura, Ankara da ke bakin teku ce ta wuce Tamale a zafin cikin ɗaki, wanda ke nuna cewa ginin yana da nasa laifin ban da na rana. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ɗakunan da ke da silin mai tare zafi sun fi sauran sanyi da rana da kusan digiri 7, wato 6.9. Fanka nawa za ka jera kafin ka rage digiri 7? Ko ɗari ka jera ba za su rage ko ɗaya ba.

Yanzu ga lissafin da na ce ya tsayar da ni. Fanka ta sama tana cin kamar wat 70. Idan ta yi awa 12 kullum, a wata ta ci yunit 25. Biyu sun ci 50, ba a sa fitila da talabijin da cajin waya ba. Rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin amfani da wuta kuwa iyakarsa yunit 30 a wata. Ka ga fanka ta biyu kaɗai ta isa ta fitar da kai daga layin talakawa a wurin masu wuta, alhali aljihunka bai fita ba. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin sama da wat 1,000 muddin injinta na aiki, kamar ka kunna fanka 14 a lokaci guda. Awa 8 kullum, yunit 240 ke nan a wata. A ɗaki mai silin da ke rufe ruf, injin yakan huta idan ɗakin ya yi sanyi, cin wutar ya ragu. A ɗakin da kwano ke zubo zafi ba ya hutawa. Wannan shi ne ɗiban ruwa da kwando. Kuma kun sani hukumar PURC tana duba farashin wuta duk bayan wata uku, ba kasafai muke jin labari mai daɗi daga dubawar ba.

Sannan ga dumso. Wanda ya ga abin da muka gani daga 2012 zuwa 2016 ya san ranar da aka ɗauke wuta, AC da fanka duk kayan kallo ne. Silin ba ruwansa da ɗauke wuta. Da zarar an kafa shi ya fara aiki, ba ya kuma neman kiredit.

Akwai wani ɗan baffana da ke zaune a Ingila. Da na ba shi labari a waya sai ya yi dariya ya ce su ma faɗansu da rufi ne, sai dai nasu a juye yake. Can ana shimfiɗa wata irin auduga a sararin da ke tsakanin silin da rufi, kaurinta wajen santimita 27, domin gidan da ba a yi wa haka ba kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗumin da aka saya da kuɗi ta sama yake tserewa. Na ce masa to mu da muke gudun ɗumi me ya haɗa mu da bargo? Ina rufe baki na ba kaina amsa. Kular da mai wake da shinkafa ke zuba abinci ya kai azahar da zafinsa, ita ce dai kular da mai ruwan leda ke zuba ƙanƙara ta wuni ba ta narke ba. Kula ba ta san zafi ko sanyi ba, hanya kawai take tarewa. Su suna tare hanya don kada ɗumi ya fita, mu za mu tare don kada ya shigo.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da allo ba. Mma a Bawku ta tashi, a gidan ƙasa, kuma har yau tana cewa a ɗakin kakarta tsakar rana ake barci. Binciken da na ambata ya gaskata ta: ɗakin ƙasa mai jinka ya fi ɗakin bulo mai tsurar kwano sanyi da rana da digiri 4.5. Amma kada a ce na ce a koma jinka. Kwano bai ci kasuwa a banza ba. Ba ya kama wuta kamar ciyawa, ba a sake shi duk bayan 'yan shekaru, kuma a zango inda rufi ke gogar rufi, jinka ɗaya in ta kama ta isa ta cinye layi. Mun ɗauki kwano don dalili mai kyau, muka manta cewa jinka aiki biyu take yi, tare ruwa da tare zafi. Kwano ɗaya yake yi. Na biyun sai mun biya shi daban.

To, da na yanke shawara, sai na tuna ɗakin ba nawa ba ne. Haya nake. Na je na sami mai gidanmu bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, ina so a sa silin a ɗakina, a cire kuɗin a haya." Ya ce, "Ticha, shekara talatin ina ba da hayar ɗakunan nan, ban ji wanda kwano ya kashe ba." Na ce, "Allah ya ƙara nisan kwana, Baba, amma Mma ba ta iya zaman ɗakin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "In na yi maka, gobe mutum goma za su zo. Kuma in ka tashi, wanda zai shigo ba zai ƙara mini ko sidi ɗaya ba don silin."

Ban ji daɗi ba a lokacin, amma maganar gaskiya dattijon bai yi ƙarya ba. Yawancin gidajen zango na gado ne, magada da yawa, kuɗin hayar kafin ya zagaya ya ƙare. Mai gida ne zai biya kafinta, ɗan haya ne zai sha sanyin. Ɗan haya kuma yana tsoron ya gyara ɗaki da guminsa, a shekara mai zuwa a ce ɗakin ya yi kyau, an ƙara haya, ko a ce ɗan mai gida zai yi aure, a tashi. Kowa yana da hujja, kwano kuma yana nan yana gasa mu duka. Wannan kullin shi ne ainihin abin da ya hana ɗakunan hayarmu silin, ya fi rashin sani, ya ma fi rashin kuɗi.

Mun yi sati uku muna kai da komowa. A ƙarshe muka tsaya a kan abu uku, aka rubuta a takarda, limamin unguwa da wani maƙwabci suka sa hannu. Ni zan biya duka. Za a cire rabi daga adibas na gaba. Ba za a ƙara mini haya ba har shekara biyu, kuma ranar da zan tashi silin ya zama na gida. Ban ci riba duka ba, shi ma bai ci duka ba, kuma har yau muna gaisawa da fara'a. Ina ba duk ɗan haya shawara kada ya buga ƙusa ko ɗaya sai an yi irin wannan takarda. Masu gida kuma ina roƙonsu su duba: dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa. Wanda ya riƙe kuɗin mutum na shekara biyu a hannu, bai yi yawa ba in ya cire na wata uku ko huɗu ya rufe masa sama.

Ga yadda muka yi aikin, don mai son yi ya san abin da zai ce wa kafinta. Ɗakina ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, filawud kuma ƙafa 4 ne da 8, saboda haka guda biyar suka isa har da ɗan saura. Muka sayi katakon wawa na firam, sunan itacen ke nan, ba zagi ba ne, aka shafe shi da maganin gara domin ƙwari na son sa. Kafin komai sai da aka hau aka toshe duk inda kwano ke yoyo. Wannan wajibi ne. Silin da ruwa ke ɗiga a kansa damina ɗaya zai kumbura ya yi baƙi ya faɗo, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, don haka kai za ka nuna wa kafinta, kada ka bar shi ya yi ta zato.

Bayan haka aka kawo takardar alminiyon mai ƙyalli, wadda ake sayarwa a naɗe a shagunan kayan gini, aka buga ta a ƙarƙashin katakon da ke ɗauke da kwano. Sirrinta guda ne: sai an bar sarari. In aka danne fuskarta mai ƙyalli da wani abu, an yi asarar kuɗi, domin aikinta hana zafin nan mai saukowa kamar na garwashi, kuma ba ta yin sa sai tana fuskantar iska. Sannan aka buɗe ƙananan kafofi biyu a bangon da ke saman silin, ɗaya gaba ɗaya baya, aka rufe su da ragar waya saboda jemage da ɓera. In babu kafofin nan, sararin da ke sama zai tara zafi ya zama wani tanderun, silin ya riƙa tatso shi a hankali.

Abin da ban iya saya ba shi ne audugar gilas da ake shimfiɗawa a bayan silin, irin ta ɗan baffana. Tana da tsada a nan. Amma duk mai AC, ko mai niyyar saya, ita ce za ta fi mayar masa da kuɗinsa, ko da kaurin santimita 5 ne. Mai sa ta ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, don tana ƙaiƙayi kuma ba a son ƙurarta a huhu.

A nan sai in yi gargaɗi, domin araha ba ta ado. Wani abokina ya ce ga garin katako nan tuli a Sokoban kusan kyauta, me zai hana a zuba a bayan silin? Wani ya ce audugar rimi, wani ya ce tsofaffin katifu. Duk suna tare zafi, gaskiya ne. Duk kuma abincin wuta ne, audugar rimi ma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. A saman silin ne wayoyin lantarki ke bi, a gidajen da yawancin wayoyinsu sun girme ni. Mu da muka ga yadda gobara ke cin kasuwanninmu bai kamata mu kai mata shimfiɗa saman gadon 'ya'yanmu ba. Kafin a rufe silin a kira mai gyaran wuta wanda ke da takardar shaidar Hukumar Makamashi, ya sa wayoyi cikin bututu, ya cire duk haɗin da aka naɗe da leda. Kuma in rufinka ko tsohon silin ɗinka na asbestos ne, irin farin allon siminti na gidajen da, kada a yanka shi ko a fasa shi, ƙurarsa tana jawo cutar huhu mai kisa.

Yanzu bari in faɗi abin da masu sayar da kayan silin ba za su gaya maka ba. Binciken nan da ya ce ɗaki mai silin ya fi sanyi da rana, shi ne kuma ya ce da daddare ya fi zafi da digiri 1.4. Dalili a fili yake: abin da ya hana zafi shigowa yana hana wanda ke ciki fita. Na gani a ɗakina. Makon farko matata ta ce, "Malam, da rana mun huta, amma daren nan fa?" Maganinsa iska ce. Muka gyara ragar tagar baya da ta yage shekara da shekaru muna rufe ta saboda sauro, muka koma barin tagogi biyu a buɗe da daddare, muka matsar da fanka ta tsaye bakin taga tana jawo iskar waje. Da rana kuma mu rufe tagar da rana ke duka. Wanda ɗakinsa taga ɗaya ce tak, ya sa buɗe ta biyu cikin yarjejeniyarsa da mai gida, in ba haka ba zai yi rabin aiki. Duk da haka, in aka ce in zaɓi tsakanin ragin kusan 7 da rana da ƙarin ɗaya da rabi da dare, ga tsohuwa da jaririya da ke wuni a gida, ba sai na yi dogon tunani ba.

Akwai riba biyu da ban sa a lissafi ba suka zo da kansu. Sauron zazzaɓi ta tazarar da ke tsakanin bango da kwano ya fi shigowa, silin kuma ya toshe ta. Na biyu, kun san gidajenmu na haya, bangon da ya raba ɗakuna sau da yawa ba ya kaiwa kwano. Tarin maƙwabci kana ji, faɗansa da matarsa kana ji, shi ma naka yana ji. Tun da aka sa silin, maganar ɗakina ta tsaya a ɗakina. Wannan kaɗai, ga mai iyali, ya isa dalili.

To kuɗin wutar fa, ya ragu? A nan ne abin dariya yake. Yanzu da rana fanka ɗaya ke aiki a ɗakina, ita ma a lamba ta ƙasa. Amma gidanmu mita ɗaya ce, ɗaki goma sha ɗaya. Ana ƙirga kayan wutar kowane ɗaki a raba kuɗin, kuma duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki a kan wa ya ɓoye dutsen guga, wa ke dafa ruwa da hita. Saboda haka ragin da na yi an raba shi kashi goma sha ɗaya, kasona bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. Mita ɗaya ta sa gidan duka ya wuce yunit 30 tun makon farko, ta kuma sa babu wanda yake ganin amfanin tsimi. Wannan ya koya mini cewa aikin nan na gida ne gaba ɗaya. Rufinmu ɗaya ne, dogon kwano ɗaya ya rufe ɗaki shida a jere. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kwano ma haka. Muna adashin biki, muna adashin suna, muna adashin anko. Me zai hana a yi adashin silin, duk wata ɗaki ɗaya, kafinta ɗaya, a sayi kaya a dunƙule a sami ragi? Daga ƙarshe a haɗa kuɗi a wanke kwanon a shafe shi da farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi da tsatsa suna shanye shi. Inda tsakar gida ke da wuri, a dasa darbejiya ko mangwaro a gefen da rana ke faɗuwa.

Abin bai tsaya a gida ba. Akwai ajin da na koyar shekara uku, tsurar kwano, yara sama da hamsin. Daga ƙarfe sha biyu sai ka ga kawuna suna zubewa a kan tebur. Na tsayar da yara a gaban allo saboda gyangyaɗi, na kira su malalata, har na aika a kira iyayen wasu. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin ni kaina rigata jiƙe take sharkaf, ina leƙen agogo. In damina ta zo kuma, ruwa na dukan kwano, darasi ya ƙare, ko ihu kake babu mai ji. Muna zama a taron iyaye da malamai muna tambayar me ya sa yaranmu ba sa cin jarrabawa, ana kawo maganar waya da talabijin, babu mai ɗaga kai sama. Makarantun allo da na Islamiyya da yara ke zuwa da yamma, lokacin da gini ya gama shan rana, nasu ya ma fi.

Masallatanmu ma haka. Ana tara sadaka a sayi AC huɗu ko shida a jera a bango, a bar sama yadda take, ko a sa siririn silin roba babu komai a bayansa. Bayan wata uku kuɗin wuta ya gagari kwamiti, a koma kunna su ranar Juma'a kaɗai. Kuɗin jama'a amana ne. In an fara da rufi, na'ura biyu za su yi aikin da huɗu suka kasa.

Saboda haka ina da roƙo ga waɗanda abin ke hannunsu. Ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2018, kuma akwai sashen tsimin makamashi a ciki. Majalisun gundumomi da ke ba da izinin gini su daina karɓar ɗakin kwana ko ajin makaranta mai tsurar kwano a matsayin ginin da aka gama. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, da 'yan majalisarmu, in za su gina mana aji ko su gyara, silin da kafofin iska su shiga cikin kwangila tun farko, kuma a koya wa matasanmu kafintoci yadda ake sa takardar alminiyon daidai, sana'a ce da ba za ta rasa kasuwa ba. Sarakunan zango da limamai su taimaka da takardar yarjejeniya guda mai sauƙi tsakanin mai gida da ɗan haya, wadda kowa zai iya kwafa, don mutane su daina tsoron gyara inda suke kwana. Hukumar Makamashi ta koya mana ƙirga taurari a jikin firji da AC kafin mu saya, kuma mun koya. Saura mu koyi tambayar ɗakin da za a sa su.

Mu kuma 'yan haya, in ka je duba ɗaki, bayan ka tambayi ruwa da banɗaki da mita, ka ɗaga kai. In ka ga kwano yana kallonka, ka sa shi cikin ciniki tun kafin ka miƙa adibas, domin bayan ka miƙa bakinka ya mutu. Ranar da masu gida suka ga ɗaki mai silin yana saurin shiga kuma ana biyansa da daraja, ba sai an roƙe su ba.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, Malam, mu da muke neman na abinci kake wa maganar filawud? Na ji, kuma ban raina ba. Ni ma sai da na haƙura da ɗinkin sallah na ƙara da bashi. Wanda ba zai iya duka ba ya fara da abin da zai iya. Ko tabarmar kaba ko zana aka ɗaure a ƙarƙashin kwano, nesa da waya da fitila, tana rage dukan nan na kai tsaye. Abin da nake cewa kawai, in kuɗin fanka ta uku sun shigo hannu, a tsaya a yi lissafi kafin a tafi kasuwa.

A watan Maris na bana na dawo gida a irin wancan lokacin, ban ga kowa a bakin ƙofa ba. Na leƙa na tarar da Mma tana barcin rana a kan tabarma, yarinyar na kwance a gefenta. Da yamma Baba Alhaji ya aiko a kira ni. Na ɗauka maganar haya ce, gabana ya faɗi. Ashe lambar kafintan yake so, wai Hajiya ta shiga gaishe da Mma ta dawo ta ce ita ma ba za ta ƙara wuni a ƙarƙashin tsurar kwano ba. Na ba shi lambar, na ce ya tuna a fara da toshe yoyo.

Allah ya ba mu lafiya da abin yi.